In Ruwa Ya Ci Gari, Wa Ke da Alhakin Wa?

Jawabin akawun ƙungiya, reshen Chereponi, a taron bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

 Shugaba da 'yan kwamiti, iyayenmu sarakunan zango da na kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa direbobi da 'yan kamasho da masu lodi, baƙinmu da suka taso daga Salaga da Yendi da Bawku, da waɗanda suka tsallako daga Mango da Sinkase, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Shugabanni sun ce in yi magana a kan ambaliyar ruwa da agajin da ke biyo bayanta. Wani zai ce ranar biki ce, me ya kawo zancen masifa? Dalilin yana cikin littafin da nake riƙewa. Duk shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, shafin kuɗin wata yakan rame, shafin neman taimako kuma yakan cika. Wannan ruwa ya shiga masa sito, wancan motarsa ta kwana uku a bakin gada da albasa a ciki, wata kuma manoman da ta ba bashin taki gonakinsu sun nutse. Tunda abin yana dawowa kowace damina, ya kamata mu zauna mu san wa ke da alhakin me: me ke kan gwamnati, me ke kan maƙwabta da sauran duniya, me kuma ke kanmu.

Bari in fara da inda ruwan yake fitowa, domin akwai ruɗani a kai. Da an ce ambaliya a arewacin Gana, sai kowa ya ce Bagre. Madatsar Bagre tana cikin Burkina Faso, a kan kogin da su suke kira Nakambe, mu kuma muke kira Farin Volta. Kamfanin wutar lantarkinsu, SONABEL, shi ke kula da ita, kuma in ruwa ya kai wajen mita 235 dole a buɗe ƙofofi. Ruwan yakan shigo ta yankin Bawku, ya gangara Pwalugu, ya bi ƙasar Mamprusi da Daboya, har ya faɗa Tafkin Volta. Wannan shi ne ruwan da ke damun 'yan'uwanmu na Bawku.

Mu nan Chereponi da Saboba, namu kogin Oti ne. Oti daga tsaunukan Atakora na Jamhuriyar Benin yake tasowa, ya karɓi ruwan da ke fitowa daga madatsar Kompiyenga ta Burkina, ya ratsa Mango a Togo, sannan ya zama iyaka tsakaninmu da Togo kafin ya shige cikin Gana. Ke nan ruwan da ke cin gonar mutumin Chereponi ya ratsa ƙasa uku kafin ya iso, kuma mutumin Mango yakan gan shi kafin mu. Su kuwa mutanen ƙasar Salaga da ke bakin tafki, nasu ruwan daga ƙasa yake hawowa: in tafkin ya cika a bayan madatsar Akosombo, sai ya koma baya ya cinye gaɓa.

A yi wa Burkina adalci. In madatsa ta cika aka ƙi buɗe ta, fashewa za ta yi. Mun ga abin da ya samu Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin cikin dare. Su ma mutanen Burkina ruwa yana cin su: ranar 1 ga Satumba 2009 an yi ruwan da ya haura milimita 260 a Wagadugu a yini ɗaya, har babban asibitin Yalgado ya cika da ruwa aka kwashe marasa lafiya. Kuma sau da yawa kafin a buɗe Bagre ruwan saman da aka yi a ƙasarmu ya riga ya cika rafuka. Don haka buɗe madatsa ba shi ne abin faɗa ba. Abin tambaya shi ne, an sanar da wuri? Sanarwar ta kai kunnen wanda ke noma a fadama? An shirya inda zai koma?

Manyanmu a nan ba za su manta da 2007 ba, shekarar da aka canza kuɗi aka kawo sabon sidi. Damina ta fara da fari, shuka ta ƙone, mutane suka sake shuka. Sai a Agusta da Satumba sama ta buɗe, aka kuma buɗe Bagre. Mutum fiye da 300,000 abin ya shafa a arewacin Gana. Gidajen ƙasa suka zube, rumbuna suka tafi da hatsin bara, gadoji suka karye, rijiyoyi suka gurɓace. Shugaba John Agyekum Kufuor ya ayyana yankunan arewa uku na wancan lokaci a matsayin wuraren da bala'i ya afka wa. A Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi kusan dala miliyan 10 don agajin gaggawa. Hukumar abinci ta duniya da UNICEF da Red Cross duk sun shigo. A daidai wannan lokaci ruwan ya yi ɓarna a yankin Savanes na Togo, wato ƙasar Dapango da Mango. Ruwa ɗaya, dangi ɗaya, amma takardun agaji biyu, ofisoshi biyu, harsuna biyu.

Bayan 2007 an yi alkawura. A 2010 aka kafa SADA don ta ɗaga arewa, daga baya a 2017 aka sauya ta da Hukumar Raya Arewa. A Nuwamban 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin madatsar Pwalugu, wadda aka ce za ta tare ruwan Bagre, ta ba da wuta, ta kuma shayar da noman rani, a kan kuɗi kusan dala biliyan ɗaya. Har gwamnatinsa ta sauka a Janairun 2025 ba a gina ta ba. Na kawo alkawuran gwamnatocin jam'iyyu biyu da gangan, domin a cikin ɗakin nan akwai masu lema akwai masu giwa, ruwa kuwa bai taɓa tambayar kowa katinsa ba. A 2018 ma, bayan an buɗe Bagre, mutum fiye da 30 suka rasu a arewa.

To, me ke kan gwamnati? Da farko mu gyara harshenmu. In mota ta zo da tabarmi da bokiti da shinkafa, sai mu ce gwamnati ta taimaka mana, mu yi ta godiya kamar an ba mu sadaka. Godiya tarbiyya ce, ban hana ba. Amma mu sani haƙƙinmu ne. Hukumar NADMO doka ce ta kafa ta a 1996, aka sabunta dokar a 2016, kuma sabuwar dokar ta tanadi asusu na musamman don bala'o'i, da kwamitin bala'i a kowace gunduma. Tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa gwamnati raya dukkan yankunan ƙasa daidai wa daida, ya kuma ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa majalisun gundumomi. Kuɗin nan daga ina suke fitowa? Daga kwastan da muke biya a boda, daga tikitin kasuwa, daga harajin da ke cikin kowace litar mai da direbanmu ya sha. Wanda ke biya lokacin da rana ke fitowa yana da bakin tambaya ranar da ruwa ya sauko.

Aikin gwamnati a nan hawa huɗu ne. Na farko gargaɗi. Hukumomin Burkina sukan aiko wa Gana da sanarwa kafin su buɗe Bagre, kuma NADMO takan faɗa a rediyo. Wannan ci gaba ne, a yaba. Amma sanarwar da aka yi da Turanci a Akra ko Tamale ba ta isa ba. Sai an faɗe ta da Anufo da Konkomba da Bimoba da Kusal da Hausa da Fulatanci, a masallaci da coci da tasha da kasuwa. Kuma mu mutanen Oti muna buƙatar irin wannan sanarwa game da namu kogin, kada a riƙa ba mu labarin Farin Volta kaɗai.

Na biyu ceto. In ruwa ya raba ƙauye da asibiti, mace mai naƙuda kwalekwale take buƙata da rigar ruwa da mai tuƙi, a ranar, a wurin. Kayan ceto da ke ajiye a babban birnin yanki ba su da amfani ga wanda hanya ta yanke tsakaninsa da birnin. Tun da aka ba mu yankin Arewa maso Gabas a 2019, Nalerigu ta zama hedkwatarmu, amma kowa a nan ya san yadda hanyar zuwa can take zama a tsakiyar damina. Kayan nan a kawo su gunduma tun watan Yuli.

Na uku rabon agaji bisa buƙata. A rubuta sunaye a fili, a karanta a gaban jama'a, a liƙa takardar a inda kowa zai gani: buhu nawa ya zo, wa ya samu. Duk inda aka yi rabo a ɓoye, ko an yi gaskiya sai an yi zargi, kuma a gari irin namu da ya ɗanɗana rikici a 2018 da 2019, zargin cewa an fifita wata ƙabila a rabon shinkafa ba ƙaramin abu ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne tsada kuma ya fi kowanne amfani, shi ne gyaran da zai hana a maimaita. 'Yan'uwanmu masu bin hanyar Yendi zuwa Saboba sun san gadar Kpalba da yadda ruwa ke haye ta. Gada ɗaya da aka ɗaga, kwalbati ɗaya da aka faɗaɗa, sun fi tirelar tabarmi goma, domin tabarma a shekara take ƙarewa. Bayan an buɗe Akosombo daga 15 ga Satumba 2023, ruwa ya raba dubun dubatar mutane da gidajensu a Mepe da Battor da kewaye, tafki kuma ya cinye wani ɓangare na Buipe, gwamnati ta sa sidi miliyan 220 a kasafin 2024 saboda waɗanda abin ya shafa. Ba ma yi wa mutanen Mepe hassada, sun sha wuya. Abin da muka koya shi ne, in jama'a suka haɗa baki, sarakuna da 'yan majalisa da 'yan jarida suka tsaya, akan samo kuɗi. Kuma bayan an sa kuɗi a takarda, sai an bi sawu an ga inda suka sauka.

Yanzu in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. In jami'ai suka zo ƙidayar ɓarna, gidaje suke ƙirgawa da kadadar gona da dabbobi. Da wuya a tambayi ɗan kasuwa abin da ya rasa. Ana ganin mai sito mai kuɗi ne. Amma ku kun san yawancin kayan da ke sitonmu ba namu ba ne. Buhun waken suya ko riɗi ko acca da ke ajiye, rabi kuɗin wani alhaji ne a Kumasi, rabi na manomin da aka ce za a biya shi in an sayar. Hajiyar da ke sayen ƙwarar kaɗanya da kuɗin adashi take juyawa. In ruwa ya jiƙa buhu 100, bashi ne ya hau mutum goma a garuruwa uku, wani lokaci a ƙasashe biyu. Mai kanti ya daina ba da bashi, mai motokin ya rasa lodi, yaro ya bar makaranta. Asarar ɗan kasuwa ba ta fitowa a hoto kamar rusasshen ɗaki, amma ita ce ke sa gari ya daɗe bai farfaɗo ba.

Haka kuma hanya. A Yulin 2008 ruwa ya karya gadar Amakpape a kan babbar hanyar Togo da ta tashi daga Lome zuwa Sinkase. Gada ɗaya ce a kudancin Togo, amma manyan motocin Burkina da Nijar da Mali suka tsaya cik, wasu suka karkato ta Gana, kuɗin mota ya tashi, kaya suka yi tsada a wuraren da ko ɗigon ruwan bai kai ba. Wannan ya nuna mana cewa gadar Togo tamu ce, gadar Pwalugu kuma ta mutumin Wagadugu ce.

Akwai wani abu da gwamnatoci ke yi in masifa ta zo wanda ya kamata mu yi magana a kai da hankali, wato rufe ƙofa. A Agustan 2024, da fari ya kama arewacin Gana, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Burkina ma ta sha hana fitar da hatsinta. Ana iya fahimtar dalili: kowane shugaba yana tsoron yunwa a gidansa. Amma ku dubi yadda abin yake sauka a kanmu. Wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutumin Dapango ya sayi kaya, sai ya wayi gari kayan sun zama haram a boda. Manomin da amfaninsa ya tsira ya rasa mai saye na kusa. Kaya kuma ba su daina fita ba, sai dai su bi daji da dare, gwamnati ta rasa haraji, ɗan kasuwa na gaskiya ya rasa ciniki. Ranar da mu kuma muka buƙaci tumatir ko wake ko albasa daga wajensu, da wane baki za mu yi ƙorafi in sun rufe? Abin da muke roƙo shi ne, in dole ne a hana, a ba da wa'adi, a bar kayan da ke kan hanya su wuce, a faɗi ranar da za a buɗe, a kuma zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kafin a yanke.

Sai batun taimakon ƙasashen waje. Akwai masu jin kunyarsa, akwai kuma masu zaman jiransa. Duka biyun ban bi su ba. Babu abin kunya, domin Gana ma tana bayarwa. Da girgizar ƙasa ta rusa Haiti a Janairun 2010, gwamnatin Shugaba Atta Mills ta ba da dala miliyan 3. Da dutse ya zaftare a kan mutane a Saliyo a Agustan 2017, mutum fiye da 1,000 suka rasu, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Bawumia, shi ya kai kayan agajin Gana Freetown. Lokacin cutar Ebola a 2014, da ƙasashe da yawa suka rufe ƙofofinsu, a Akra Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedkwatar yaƙi da cutar. A Akra kuma aka kafa ɗaya daga manyan sitocin agajin gaggawa na Majalisar. Wanda ya ba da jiya, in ya karɓa yau, zumunci ne, kamar yadda muke yi a suna da biki da rasuwa.

Akwai ma hujjar da ta fi zumunci ƙarfi. Masana sun tabbatar cewa hayaƙin masana'antu da motoci yana ɗumama duniya, yana sa damina ta rikice, fari ya yi tsanani, ruwa kuma ya sauko da yawa a lokaci ɗaya. Duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa na wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar, a Nuwamban 2022, aka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna ga ƙasashe irin namu, kuma Gana ce ke jagorantar ƙungiyar ƙasashen da abin ya fi shafa a lokacin. A Dubai a 2023 aka yi alkawarin kimanin dala miliyan 700. Ku auna: wannan kuɗin na duniya gaba ɗaya bai kai kuɗin madatsar Pwalugu guda ɗaya ba.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da ya sa zaman jira kuskure ne. Taimakon waje yakan zo a makare, domin sai an yi ƙidaya, an rubuta roƙo, an jira amsa. Yakan bi inda kyamara take. Kuma yana iya tsayawa dare ɗaya: a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ta daɗe tana ayyukan lafiya da noma a arewacin Gana, ba tare da ta shawarci kowa a nan ba. Baƙo yana iya kawo maka buhun masara, amma ba ka da ikon tuhumarsa in bai kawo ba. Gwamnatinka kuwa kana da ƙuri'a a kanta. Saboda haka taimakon waje ƙari ne a kan aikin gwamnati, kada ya zama dalilin da za ta naɗe hannu, kada kuma kayan da aka turo da sunanmu su ɓace a tsakanin tashar jirgi da ƙauye.

Taimakon da ya fi kusa da mu shi ne na maƙwabta, kuma shi ne yanzu yake cikin haɗari. Tun 29 ga Janairu 2025 Burkina da Mali da Nijar suka fita daga ECOWAS. Ba aikin ƙungiyarmu ba ne ta ce wa ke da gaskiya. Amma kogi bai fita daga ko'ina ba. A 2007 ƙasashe shida, Gana da Burkina da Togo da Benin da Mali da Kwaddibuwa, suka sa hannu a Wagadugu suka kafa hukumar kula da kogin Volta. Duk abin da zai faru tsakanin shugabanni, muna roƙon kada wayar da ke tsakanin mai kula da Bagre da Kompiyenga da jami'anmu ta mutu. Kwana uku na gargaɗi su ne bambancin wanda ya kwashe masararsa da wanda ya rasa ta.

In ƙara da maganar baƙo. Kakanninmu fatake sun bi hanyar nan daga Kano da Sakkwato, ta Mango da Yendi, zuwa Salaga neman goro, tun ba a ja layin boda ba. Duk inda dare ya yi musu akwai zango da mai masauki. Mun kuma san ɗacin kora. A 1969 dokar Busia ta fitar da baƙi daga Gana, zanguna suka zama kufai. A 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, suka taru a Benin da Togo suna jiran a buɗe musu iyakar ƙasarsu. Mutanen da suka ga wannan bai kamata su yarda a tambayi wanda ruwa ya ci Ghana Card kafin a ba shi bargo ba. Direban Nijar da ruwa ya tsare a tasharmu, Bafulatanin da shanunsa suka nutse, matar Togo da ta zo cin kasuwa hanya ta yanke, duk a rubuta su. Kati na ranar zaɓe ne. Ranar ambaliya wanda ya jiƙe shi ake dubawa.

To mu fa? Ba za mu iya gina gada ba, amma muna da abin da gwamnati ba ta da shi: muna da mutum a kowace kasuwa, muna da motoci, muna da waya a hannun kowa, kuma muna jin harsunan juna. Ga shawarwari shida da nake gabatar wa kwamiti, a duba su a taron wata mai zuwa.

Na ɗaya, a buɗe asusun damina, dabam da kuɗin wata. A riƙa cire ɗan abu kaɗan a kan kowane lodi daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da kasuwa ke ci. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sidi ɗaya, ɗaya daga cikinsu mace, kuma a karanta lissafin a kowane taro. Abin da muke nema daga gwamnati, mu fara yin sa a gidanmu.

Na biyu, rajistar kaya. Kafin Agusta kowane mai sito ya rubuta abin da ke ciki da masu shi. In asara ta zo, muna da takarda da za mu kai wa majalisar gunduma da NADMO da duk mai ba da agaji, kuma mai bin bashi a Kumasi zai ga shaida, ba zai ɗauka an cinye masa kuɗi ba.

Na uku, sarƙar gargaɗi. Mu naɗa mutum ɗaya a Mango, ɗaya a Sinkase, ɗaya a Bawku, ɗaya a Saboba, ɗaya a Yendi, ɗaya a Salaga. In ruwa ya tashi a wajen ɗaya, ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa, a juya shi zuwa sauran harsuna. Wanda ya gani da idonsa kaɗai zai aika, don kada jita-jita ta sa mutane su daina saurare.

Na huɗu, mu rubuta wa shugaban gunduma mu nemi a riƙa gayyatar wakilin 'yan kasuwa da na direbobi zaman kwamitin bala'i. Mu ne muka san wace hanya ke ɗaukar mota a wane mako, mu kuma za mu iya ba da mota a kuɗin mai kawai in ana son kai agaji.

Na biyar, gyaran sito. A ɗaga daɓe, a sa katako ƙarƙashin buhu, a gyara rufi tun bazara, a share magudanar da ke bayan rumfuna. Wanda sitonsa ke kwari ya nemi wuri a wajen ɗan'uwansa na tudu na wata biyu, ƙungiya ta shiga tsakani a kan kuɗin haya. Rigakafi ya fi magani.

Na shida shi ne mafi nauyi, iyayena, ku yi mini haƙuri in faɗe shi. In hanya ta yanke, kwanon masara yakan ninka kuɗi a kwana biyu. Wani ƙarin na gaskiya ne, kuɗin mota ya tashi, kaya sun lalace. Wani kuwa ɓoye kaya ne a jira mutane su matsu. Ba za mu je gaban gwamnati muna cewa ta ji tausayin jama'a ba, alhali jama'ar suna kallonmu a matsayin masu cin ribar wahalarsu. Ina roƙon ƙungiya ta yanke cewa duk ɗanta da aka samu yana ɓoye abinci a lokacin ambaliya, a kira shi gaban dattawa. Manomin da ka tausaya wa a Satumba, shi zai kawo maka kayansa a Disamba.

Waɗannan shida ba sa buƙatar izinin Akra ko Lome ko Wagadugu. Suna buƙatar mu yarda, mu sa hannu, mu kuma riƙe alkawari. In mun yi su, ranar da za mu je gaban ɗan majalisa ko shugaban gunduma a kan gada da kwalekwale da rabon gaskiya, za mu je da takarda a hannu da aikin da muka riga muka yi, kuma zai yi wuya a sallame mu da alkawarin baki. Ina roƙon kowane reshe ya tattauna su, ya aiko wa ofis da amsarsa a rubuce kafin taro mai zuwa, don mu fara tara asusun tun kakar bana.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya kai baƙinmu gida lafiya.